Harsashi Mai Cin Ƙarfe: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Na Salaga, Yendi Da Bawku



Sarakunan zango, sarakunan Fulani, ardo-ardo, shugabannin kara, dillalai da fatake, iyayenmu da 'yan'uwanmu makiyaya, muna yi muku barka da zuwa. Mun san akwai waɗanda suka baro garke a hannun yara tun asuba, akwai waɗanda suka kwana a mota daga Bawku, akwai kuma waɗanda suka ƙetaro ruwa daga Yeji zuwa Makango kafin su iso. Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yau ba maganar allurar shanu ko kuɗin haraji ta tara mu ba. Maganar bindigar da ke rataye a bukkokinmu za mu yi, da harsashin da muke zuba mata. Ga dalili. A daminar da ta wuce mun je duba wani yaro a asibiti, ɗan ɗaya daga cikinmu ne, bai kai shekara ashirin ba. Kura ta dame su da dare, ya ɗauki bindigar mahaifinsa don ya yi harbi sama ya kore ta. Yana jan kunama bututun ya tsage a hannunsa na hagu. Yatsu biyu suka tafi. Da aka kawo mana guntun bututun muka duba, daga waje sumul yake, yana ƙyalli saboda mai. Daga ciki kuwa kamar gara ta ci itace. Uban ya rantse mana cewa bai taɓa barin bindigar nan ba mai ba, kuma mun yarda da shi. Abin da bai sani ba shi ne, akwai cutar da mai ba ya magani. Ita za mu bayyana muku yau. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Doka tukuna

Kafin mu shiga zancen tsatsa, sai mun share hanya, don kada wani ya fita daga nan ya ce mun koya wa mutane riƙon makami. Wannan jawabi na mutumin da ke da bindigar farauta ne mai lasisi, ko bindigar toka ta gado wadda aka yi wa rajista. A ƙasar Gana dokar makamai da harsasai ta 1972, wadda aka yi wa gyara a 1996 da 2001, ta wajabta wa duk mai bindiga ya yi mata rajista wurin 'yan sanda, ya karɓi lasisi, ya riƙa sabunta shi kowace shekara. Dokar manyan laifuffuka ta 1960 kuma ta sa riƙe bindiga ko harsashi ba da izini ba cikin laifuffuka mafi girma. A lura da kyau: harsashi kaɗai, ko babu bindiga, ya isa ya kai mutum kurkuku. Bindigar soja irin AK-47 ko G3 kuwa ba ta farar hula ba ce ko kaɗan. A 2006 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar hana yaɗuwar ƙananan makamai, a 2007 kuma Gana ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai ta hanyar doka.

'Yan'uwanmu na Bawku suna da ƙarin abin kiyayewa. Daga watan Nuwamba na 2021 Ma'aikatar Cikin Gida ta sa dokar hana fita a garin da kewaye, ta yi ta sabunta ta, kuma sanarwar takan zo tare da hana kowa ɗaukar bindiga, harsashi ko wani makami a yankin. A inda irin wannan umarni ke aiki, mai lasisi ma ba ya fita da tasa. Kowa ya tambayi ofishin 'yan sanda na kusa da shi abin da ke aiki a wurinsa kafin ya motsa da ita.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a nan

Kakanninmu fataken Gwanja sun san bindigar toka tun zamanin da Salaga take babbar kasuwar goro. Daga bakin teku ake hauro da ita, ta hannun Turawan Denmark da Holan da Ingila, ta ratsa Asante ta iso arewa. A Dagbon Ya-Na yana da 'yan bindigarsa, Kambonsi, waɗanda har gobe ake jin amonsu a bikin Damba da wurin makoki na manya. A watan Disamba na 1896, a Adibo kusa da Yendi, da irin waɗannan bindigogi Dagomba suka fuskanci Jamusawa masu bindigogin zamani.

Mutanen da sun san wani abu wanda mu muka fara mantawa. Mai bindigar toka na da, in ya yi harbi, ba ya kwanciya sai ya wanke ta da ruwa. Da bindigar harsashi ta zo, sai muka ɗauka an huta da wanki, a shafa mai kawai a rataye. Ga wasu harsasan haka ne. Ga wasu kuwa kuskure ne mai tsada.

Ina gishirin yake fitowa?

Ku ɗauki harsashi ku juya gindinsa. A tsakiya za ku ga wani ɗan maɓalli zagayayye. Shi allurar bindiga ke bugawa, ya ba da tartsatsi, tartsatsin ya kunna albarushin da ke cikin kwanso. Mu kira shi ƙyastun harsashi, tunda aikin ƙyastu yake yi.

Shekaru da yawa masana'antu suna haɗa wannan ƙyastu da wani sinadari mai suna fotasiyam kuloret. Yana kama wuta da sauri, kuma yana daɗewa a ajiye bai mutu ba, shi ya sa sojoji suka so shi. Amma in ya ƙone yakan bar wani gishiri mai suna fotasiyam kulorayid, ɗan'uwan gishirin miya. Wutar harbi ce ke fesa shi tun daga gindin bututu har baki. Ido ba ya ganinsa. Yana nan liƙe, yana jawo laimar iska zuwa jikin ƙarfe, tsatsa ta kama.

Mu makiyaya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kowa ya san abin da gishirin lasa ke yi wa kwanon ƙarfe in ya kwana biyu a ciki da damina. Kowa ya ga ƙasan motar da ke ɗauko gishiri daga Ada. Abin da ke faruwa a cikin bututun bindiga ke nan.

Turawa ma sun daɗe ba su gane ba. Suna ta zargin albarushi, suna ta ƙara mai, bindigogin sojojinsu suna ta lalacewa. Sai a 1922 wani masani a Amurka mai suna Wilbert Huff, ma'aikacin hukumar ma'adinai ta ƙasar, ya nuna cewa gishirin ƙyastu ne mai laifin, kuma tsatsar tana ci ko da an rufe ta da mai, domin mai ba ya narkar da gishiri. Ruwa ne ke narkar da shi. Kafin shekarun 1920 su ƙare, kamfanin Remington na Amurka ya fito da ƙyastu marar gishiri mai suna Kleanbore, kamfanin RWS na Jamus kuma ya fito da nasa mai suna Sinoxid. Sojojin Amurka ba su gama komawa ga sabon ba sai a shekarun 1950. Tarayyar Sobiyat da ƙasashen gabashin Turai da Sin kuwa sun ci gaba da yin harsasan soja da tsohon ƙyastu shekaru da yawa bayan haka. Tsofaffin harsasan sojan Ingila masu lamba .303, waɗanda aka sani a nan tun zamanin Gwalkwas, su ma masu gishiri ne.

Bindigar toka kuwa nata ciwon biyu ne. Baƙin albarushi, wanda ake yi da gawayi da farar wuta da gishirin albarushi, in ya ƙone fiye da rabinsa ba ya zama hayaƙi, dauɗa yake zama, kuma dauɗar tana shan laima. Sannan kan ashana da wasu ke amfani da shi wajen kunna ta, shi ma kuloret ɗin nan ne a cikinsa. Saboda haka duk harbin bindigar toka harbi ne mai cin ƙarfe, babu togiya.

Yanayinmu ma yana yaudararmu. Da hunturu iska a bushe take, mutum zai yi harbi ya rataye bindiga mako uku bai ga komai ba, sai ya ce ai harsashin nan lafiya lau ne. Gishirin yana nan yana jira. Da ruwan farko ya sauka a bazara, iska ta yi nauyi, sai ya farka. A tsakiyar damina, musamman ga masu zama bakin Tafkin Bolta, ko kogin Daka, ko Oti, kwana ɗaya ko biyu sun isa a ga jan ƙura a cikin bututu.

Yadda za a gane shi

Babu alama guda ɗaya da za ta ba da tabbaci. Amma akwai alamu waɗanda in sun taru mai hankali zai yi hattara.

Na farko, daga ina ya fito? Harsashin bindigar farauta mai lamba 12, wanda muke kira AA ko BB, in sabo ne, a cikin kwalinsa, daga dillali mai lasisi, ba ya ɗauke da wannan gishiri. Masana'antun harsashin farauta sun bar tsohon ƙyastu tun tuni, wasu ma sukan rubuta a jikin kwali da Turanci cewa ba ya sa tsatsa. Wanda aka miƙo maka a leda a bayan kara, ko a tashar mota, babu kwali babu takarda, ba ka san shekarunsa ba, ba ka san inda ya kwana ba.

Na biyu, rubutun gindi. Harsashin kasuwa yakan ɗauki sunan kamfani da girmansa. Na soja galibi lambobi ne kawai ko 'yan haruffa: ɗaya alamar masana'anta, ɗaya kuma lambobi biyu na ƙarshen shekarar da aka yi shi. In ka ga 54 ko 68 ko 75, to harsashin nan ya girmi yawancin yaran da ke bin shanunmu, har ma da iyayensu.

Na uku, jikin kwanso. Harsasan soja na gabashin Turai da Sin da yawa kwansonsu na ƙarfe ne ba na farin tagulla ba, an shafe shi da kore ko toka-toka, ko an yi masa wankin jan ƙarfe. Mayen ƙarfe yana kama shi. Sau da yawa akwai jan zobe ko shunayya kewaye da ƙyastun, kuma a cikin gwangwani rufaffe ake ajiye su.

Na huɗu, cikin kwanson da aka riga aka harba. In ka haska tocila ka ga rami ɗaya a tsakiya, ana kiran wannan tsari Boxer, sunan wani hafsan Ingila. In ka ga ƙananan ramuka biyu a gefe da gefe, shi ne Berdan, sunan wani Ba'amurke. Ba duk mai rami biyu ne mai gishiri ba, amma yawancin tsofaffin harsasan soja masu gishiri masu rami biyu ne.

Na biyar, bindigar kanta za ta faɗa maka. In ka yi harbi, ka share da mai, bayan kwana biyu ka zura farin tsumma ya fito da ja-ja kamar ƙasar tururuwa, an gama magana.

Masana suna da hanyar gwaji da suke yi a wuraren aikinsu, amma sai an kwance harsashi, kuma ba mu yarda kowa ya kwance harsashi a ruga ba. Ƙa'idarmu mai sauƙi ce: harsashin da ba ka san asalinsa ba, kada ka saya. In ka riga ka harba shi, ɗauke shi a matsayin mai gishiri ka yi wanki.

Ga kuma magana mafi nauyi. In kun lura, alamu na biyu zuwa na huɗu duk siffar harsashin soja ce. Ma'ana, ranar da ka gane harsashi da waɗannan alamu a hannunka, tsatsa ce ƙaramar damuwarka. Wannan yanki ya ga tashin hankali. A watan Fabrairu na 1994 rikicin da ya faro daga kasuwar Nakpayili kusa da Bimbila ya mamaye gundumomi bakwai, har da Yendi da Salaga, aka rasa rayuka aƙalla 2,000, sai a 1996 aka sa hannu kan sulhu a Kumasi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi, Dagbon ba ta sami sabon Ya-Na ba sai a Janairu na 2019. Bawku ta sha nata, kuma ga iyakar Burkina Faso da Togo a bakin ƙofa. Harsashin da aka binne ko aka ɓoye a rufin ɗaki a irin waɗannan lokuta ba ya narkewa. Wata rana wani zai tono shi ya nemi mai saye, kuma mai shanu ake fara tunawa, don ana ganin yana da kuɗi yana kuma zaune a daji. Araha ba ta ado. In yaro ya tsinto irinsa a wurin kiwo, kada a kawo shi bukka. A sa alama a wurin, a gaya wa ardo ko sarkin zango, su sanar da 'yan sanda.

Ɓarnar da yake yi

Tsatsar gishiri ba kamar ta adda ba ce wadda za ka goge a dutse ta fita. Rami take haƙawa, ƙanana kamar bakin allura, suna nitsewa cikin ƙarfe. Ramin da ya haƙu ya haƙu ke nan, ba mai cike shi. Kuma kowane rami ma'ajiya ce ta sabon gishiri da sabuwar dauɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na farko da ke tafiya shi ne saiti. A bindiga mai harsashi ɗaya akwai zane a murɗe cikin bututu wanda ke juya harsashi ya tafi sak. In tsatsa ta cinye zanen, ka auna gabas ya tafi kudu. A daji inda akwai shanu, da yara, da manoma a gonakinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, ɗakin harsashi, wato gindin bututu inda kwanso ke zama. In ya yi kaushi sai kwanso ya liƙe bayan harbi, a rasa yadda za a fitar da shi sai da tsinken ƙarfe.

Na uku, allura da ramin da take fitowa. Tana iya cijewa ta ƙi bugawa. Mafi muni, tana iya maƙalewa a waje, ta yadda da ka rufe bindiga sai ta tashi ba ka taɓa kunama ba.

Na huɗu shi ne wanda ya sami yaron da muka faɗa muku. Bututun bindigar farauta ba shi da kauri sosai, musamman daga tsakiya zuwa baki, daidai inda hannun hagu ke riƙewa. In ramuka sun yi layi, ƙarfen ya zama kamar tsohuwar ƙwarya. Bindigar da aka ƙera da bututun famfo kuwa tun ranar farko ba a yi ƙarfenta don wannan aiki ba, balle tsatsa ta taya ta.

Harsashin da ya tsufa

Ban da gishiri, tsufa da mugun ajiya suna lalata harsashi, ko da mai kyau ne tun asali. Akwai wani labari da ya shafe mu kai tsaye. Sojojin Ingila a Indiya sun kasance suna ajiye harsasai a bargar dawaki lokacin damina, sai su tarar kwansunan sun tsattsage. A 1921 aka gano dalili: warin fitsarin dawaki, wato iskar amoniya, shi ke sa farin tagulla ya tsage. Fitsarin shanu da kashinsu suna ba da wannan iskar. Wanda ke ajiye harsashinsa a bukkar da ke jikin garke, ya ji.

Zafi ma yana lalata albarushi. Kada a soke harsashi a ƙarƙashin rufin kwano, kada direban motar shanu ya bar shi a gaban gilashi. Duk wanda ya yi kore-kore, ko ya tsage a wuya, ko ya kumbura, ko gindinsa ya yi tsatsa, ko na takarda ne ya sha laima, ya tashi daga aiki. Kada a jefa shi a wuta ko a rijiya. A kai wa 'yan sanda.

Tsohon harsashi yana da halaye biyu masu kisa. Na ɗaya, ka ja kunama ya yi shiru, sannan bayan ɗan lokaci ya tashi. In bindiga ta yi shiru, a bar bakinta yana kallon inda ba kowa, a ƙirga har sittin kafin a buɗe, kuma kada a taɓa leƙa bakinta. Na biyu, ya tashi da rauni, ƙarar ta yi ƙasa, ya bar wani abu a maƙale cikin bututu. Harbi na gaba shi ke fasa bindiga. In ƙara ta bambanta da yadda aka saba, a tsaya, a cire harsashi, a duba bututu daga gindi.

Ga wasu kurakurai uku da muke gani. Kada a farke harsashin zamani a zuba albarushinsa a bindigar toka, ƙarfinsa ya wuce abin da za ta ɗauka. Kada harsashi mai lamba 20 ya shiga aljihu ɗaya da mai lamba 12, domin ƙaramin yakan zurma cikin bututu ya tsaya, a ɗora babba a bayansa. Kuma a duba rubutun jikin bindiga: wadda aka rubuta wa 70 ba a sa mata dogon harsashi mai 76.

Yadda ake wanki

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba ya cin ko sidi ɗaya. A yi shi a ranar da aka yi harbi, kada a kwana.

A fara cire harsashi, a duba sau biyu, a kori yara daga wurin. In bututun yana cirewa, a cire shi, don kada ruwa ya taɓa katako. A tafasa ruwa mai tsabta, in an so a sa ɗan sabulu. A zuba ta gindi ya fita ta baki. Haka sojojin Ingila na da suka riƙa yi wa bindigoginsu da tafasasshen ruwa da mazurari. Mai bindigar toka kuwa, bayan ya tabbata babu ɗuri a ciki, sai ya zuba ta baki ya girgiza ya zubar. A zura tsumma a kan sanda a goge, a sake zuba ruwa, har ya fito fari. Amfanin ruwan zafi shi ne yana dumama ƙarfe ya bushe da kansa. A bi da busasshen tsumma har sai babu sauran danshi. A goge fuskar da allura ke fitowa da jiƙaƙƙen tsumma, a busar. Sai a nan mai ke shigowa: man bindiga, in babu a sa man keken ɗinki, kaɗan, shafi ɗaya. Washegari a sake zura farin tsumma a gani, a kuma sake bayan kwana uku. In ja ya fito, a koma kan ruwa.

Kananzir da fetur da baƙin mai ba sa narkar da gishiri. Man da aka yi suya da shi kuwa gishiri ne da kansa. Kada a toshe bakin bindiga da tsumma, yana riƙe laima, kuma ana mantawa da shi a yi harbi. Kada a bar ta cikin kube na fata duk damina. Kada a jingine ta kusa da buhun gishiri ko kanwa. Gumin hannu ma gishiri ne, a goge bayan an riƙe. A ajiye bindiga ba harsashi a ciki, harsashi kuma a wani wuri dabam, a kulle, inda yaro ba ya kaiwa.

Wanda ya koma gida yau, ya buɗe tasa ya ɗaga bututun ga hasken rana ya leƙa daga gindi. Lafiyayye yana ƙyalli kamar madubi. In ka ga duhu, ko ɗigo-ɗigo, ko wani zobe, ko ka shafa daga waje ka ji kumburi, kada ka sake harba ta sai mai gyara wanda hukuma ta san da shi ya duba. In ya ce ta mutu, ka miƙa ta ga 'yan sanda a soke rajistarta. Kada ka sayar wa wani, domin hannun ɗan wani za ta ci.

In tsautsayi ya auku, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti nan take, ko na Salaga, ko na Yendi, ko na Bawku, in abin ya yi girma su za su tura Tamale. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu. A tabbata an yi allurar sandarewar wuya. Mun san akwai masu ɓoye mai rauni a ruga don tsoron tambayar 'yan sanda, har ciwo ya ruɓe. Wannan shi ne amfanin lasisi: mai takarda ba ya tsoron ƙofar asibiti.

Abin da muke roƙo

'Yan'uwa, mun san abin da ke sa mutum ya nemi bindiga. Mun san ɓarayin shanu, mun san masu tare hanya ranar kasuwa, mun san masu sace mutum a nemi fansa. Ba mu raina wannan tsoro ba, a cikinsa muke kwana. Amma mun ga kuma yadda harsashin soja guda ɗaya da aka samu a bukka ɗaya ke jawo a ƙone ruga goma, a kore garken mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Abin da ya faru da makiyaya a Agogo ba a ɓoye yake ba. Duk mai neman hujjar korarmu, kada mu miƙa masa ita da hannunmu.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Kowane ardo ya san bindigogin da ke rugarsa, ya tabbata kowace tana da takarda ta bana. Shugabannin kara su hana cinikin harsashi a kasuwar shanu, wanda aka kama a fitar da shi a kai rahoto. Iyaye su daina miƙa wa yara bindiga su bi shanu da ita, sanda da kare da tocila sun fi musu. Sannan duk wanda ya ji wannan jawabi ya kai shi ga mutum biyar da ba su zo ba, da Hausa ko Fulatanci ko Dagbanci ko Kusasanci, duk wanda ya sauwaƙa.

Mahaifin yaron nan yana tare da mu a wannan taro, kuma shi ya ce mu ba da labarin ɗansa. Ya kawo guntun bututun, yana nan kan tebur a bakin ƙofa. Kowa ya tsaya ya leƙa cikinsa kafin ya fita.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.